Alpujarra: baƙo ya biya kuɗin ɗaki, wa zai biya kuɗin ruwa?

A shekarar 2024 baƙi kusan miliyan 94 ne suka shiga Sifaniya yawon buɗe ido, alhali 'yan ƙasar gaba ɗaya ba su kai miliyan 50 ba. A shekarar ce kuma mazauna Malaga da Barcelona da Mallorca da tsibiran Canary suka fito kan titi suna cewa abin ya ishe su. Gidajen haya sun koma masaukin baƙi, kuɗin ɗaki ya gagari ɗan gari, ruwan sha ana rabonsa da wuraren ninƙaya na otal-otal. Cikin magungunan da ake tallatawa har da abin da suke kira tafiyar sannu: ka bar bakin teku da cunkosonsa, ka hau tudu, ka zauna mako guda a ƙauye ɗaya, ka yi yawo da ƙafa, ka ci abin da aka noma a wurin, ka san sunan mai gidan da ya sauke ka.

Tunanin ba a Sifaniya aka haife shi ba. Ya samo asali ne daga Italiya, inda a 1986 Carlo Petrini da abokansa suka yi bore kan buɗe shagon McDonald's a tsakiyar birnin Roma, boren da ya haifi ƙungiyar Slow Food, mai kare abincin gargajiya. A 1999 wasu ƙananan garuruwan Italiya suka ɗauki manufar suka kafa ƙawancen Cittaslow, wanda ba ya karɓar garin da mutanensa suka haura 50,000. Ɗaya daga cikin garuruwan Sifaniya da ke cikin ƙawancen shi ne Bubión, ƙauye mai 'yan ɗaruruwan mutane a yankin Alpujarra, a kudancin ƙasar. Wannan yankin nake so mu duba, domin yana nuna ƙarara inda tafiyar sannu take da amfani da kuma inda take yaudarar kanta.

Alpujarra gangaren kudu ne na tsaunukan Sierra Nevada, rabinsa a lardin Granada, rabi a lardin Almería. Daga samansa akwai Mulhacén mai tsawon mita 3,479, dutse mafi tsawo a duk faɗin Sifaniya in aka cire tsibirai, kuma daga ƙwanƙolinsa zuwa gaɓar Bahar Rum bai kai kilomita 50 ba. Ƙauyukan suna maƙale a jikin gangaren, farare fat, ɗaya bisa ɗaya: Pampaneira a ƙasa, Bubión a tsakiya, Capileira a sama da mita 1,400, sai Trevélez can gaba da ya ɗan fi shi tsawo. Daga birnin Granada tafiyar kimanin awa biyu ce a mota, hanya duk kwana-kwana.

Sai mai karatu ya juya lissafin yanayi da ya saba da shi kafin ya gane wurin. A ƙasashen Bahar Rum ruwa a lokacin sanyi yake sauka, zafi kuma shi da fari suke zuwa tare. Daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da shuka ta fi bukatar ruwa, sama rufe take. Ga gangaren yana fuskantar kudu, rana na dukansa yini guda. Bisa ƙa'ida, a watan Agusta bai kamata a ga wani kore a nan ba. Amma wanda ya je zai tarar da dogayen itatuwan kastanya da na goro irin na Turai, da lambuna hawa-hawa, da ruwa na gudu a gefen lungu, da famfon dutse a kowane dandali yana zuba dare da rana. Wannan koren da wannan sanyin su ne hajar da ake sayar wa baƙo. Kuma mutane ne suka yi su da hannu.

Ga yadda abin yake. Dusar ƙanƙarar da ta taru a saman tsaunin tana narkewa daga wajen Maris zuwa Yuni. Da za a ƙyale ta, cikin 'yan kwanaki za ta gangara rafi, ta faɗa kogin Guadalfeo, ta nufi teku, tun kafin manomi ya bukace ta. Sai mutanen wurin suka tare rafukan tun daga can sama, suka karkatar da ruwan cikin magudanan ƙasa da suke kira acequia de careo, waɗanda ke bin ƙugun dutsen a kwance, wasu na tsawon kilomitoci. Ba a shafe su da siminti ba, kuma da gangan. Ruwan yana tsiyaya a hanya, sannan a wasu wurare da aka sani tun kaka da kakanni, inda dutsen ya ruɓe ya yi tsaga-tsaga, mai kula da magudanar yakan fasa ta ya saki ruwan ya malale, ƙasa ta shanye. Ruwan da ya nutse a can sama a watan Afrilu yana tafiya a hankali ta cikin dutse, ya ɓullo a idon ruwan da ke bayan gari bayan makonni ko watanni, daidai lokacin da rafi ya fara ja baya. Su da kansu shuka ruwa suke ce wa aikin. Daga nan wasu magudanan na ƙasa suke ɗauka su raba wa gonaki, kowa da ranarsa da sa'arsa.

Masana ƙasa na cibiyar binciken ma'adinai ta Sifaniya sun auna lakar da ta taru a magudanar Espino da ke ƙauyen Bérchules, suka gano ta yi kusan shekara dubu tana aiki, wato tun zamanin Musulmin Andalus. Suna kallonta a matsayin tsari mafi daɗewa a Turai na ɗura ruwa cikin ƙasa da gangan. Abin da injiniyoyin yau ke zana wa taswira da kwamfuta, manoma sun gano shi ta hanyar lura: an saki ruwa a wuri kaza, marmaro kaza ya ƙaru.

Tarihin waɗanda suka gina tsarin mai ɗaci ne. Da Granada ta faɗi a Janairun 1492, a Alpujarra aka ba sarkinta na ƙarshe, Abu Abdullahi da Turawa ke kira Boabdil, filin da zai zauna, bai daɗe ba ya ƙetara Maroko a 1493. (Granadar nan ita ce garin Ibn Asim, mai Tuhfar da alƙalanmu ke karantawa.) Musulmin da suka rage aka tilasta musu shiga Kiristanci, sannan a 1567 Sarki Felipe na biyu ya haramta musu Larabci da tufafinsu da al'adunsu. A ƙarshen 1568 suka yi tawaye a waɗannan tsaunuka ƙarƙashin Aben Humeya. Zuwa 1571 an murƙushe su, aka kwashe mutum kusan 80,000 daga masarautar Granada aka watsa su cikin Castilla, wato sauran sassan masarautar Kiristocin, aka kawo Kiristoci daga wasu sassan ƙasar aka raba musu gidaje da gonaki. Ana yawan faɗin cewa an bar iyali biyu a kowane ƙauye don su koya wa sababbin zuwa ban ruwa da kiwon tsutsar siliki. Ko yaya aka yi, abin lura shi ne mutanen sun sauya, addini ya sauya, harshe ya sauya, amma magudanan da ka'idar rabonsu suka ci gaba. Wanda ya gaji gonar dole ya gaji aikin, in ba haka ba ya kwana da yunwa.

Aikin kuwa ba na wasa ba ne. Magudanar ƙasa tana cikewa da laka da ganye da duwatsun da suka gangaro, wani wurin ta zabtare. Duk shekara kafin narkewar dusa sai masu gonaki sun fita gayya sun yashe ta da shebur da fartanya, kowane gida ya ba da kwanakin aiki gwargwadon yawan ruwan da yake sha, wanda bai zo ba ya biya wani ya zo a madadinsa. Ƙungiyar masu ban ruwa ta kowane gari ce ke tsara wannan, kuma dokar ƙasa ta san da zamanta. Ita ke naɗa mai kula da magudana, wanda ke bin ta da ƙafa kusan kullum a lokacin ruwa, yana toshe nan yana buɗe can. Gidajen ma haka suke. Rufinsu shimfiɗaɗɗe ne, gungumen katako da faffaɗan dutse, sannan a dāɓe da wata laka mai ruwan toka da suke kira launa. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san rufin soro ba ya yafe wa mai shi shekara guda ta sakaci. Kyan da kyamara ke ɗauka a ƙauyukan nan, daga rufi har lambu, kyau ne da sai an sabunta shi kowace shekara.

Daga shekarun 1950 hannayen suka fara ƙarewa. Noman gangare da alfadari ba zai yi gasa da tarakta a fili ba, ga masana'antun Barcelona da Jamus da Faransa suna neman ma'aikata. Ƙauyuka da yawa sun rasa fiye da rabin mutanensu cikin shekara talatin. Gonakin sama aka fara bari, da su da magudanan da ke shayar da su. Inda magudana ta mutu, itatuwan da ke ƙarƙashinta sukan bushe cikin 'yan shekaru, katangar dutsen da ta riƙe gona ta rushe, ƙaya da ciyawa su cinye wurin, su zama makamashin gobarar daji. Idanun ruwa na ƙasa su ma sukan ragu, mutane su ɗora laifin a kan fari kaɗai.

Ana cikin haka baƙi suka fara zuwa. A 1982 aka sa ƙauyuka uku na kwazazzabon Poqueira, wato Pampaneira da Bubión da Capileira, cikin wuraren tarihi da doka ta kare, a 1999 saman tsaunin ya zama gandun ƙasa. Aka shata hanyoyin ƙafa, ciki har da Sulayr mai kilomita 300 da ta zagaye tsaunin. Turawan arewa suka sayi tsofaffin gidajen gona. Órgiva, babban garin yankin, ya cika da mutanen ƙasashe daban-daban, har da jama'ar ɗarikar Naƙshabandiyya, akasarinsu Turawan da suka musulunta. Ba zan raina abin da wannan ya kawo ba. Akwai makarantun firamare da yaran baƙi ne suka hana a rufe su, akwai matasan da da sun tafi birni amma suka zauna saboda gidan abinci ko masaukin da iyayensu suka buɗe. Wanda ya ce da ma baƙin ba su zo ba, bai ga ƙauyukan cikin Sifaniya da ba kowa a cikinsu sai tsofaffi biyar ba.

Amma a bi kuɗin a ga inda yake tsayawa. Baƙon da ya yi mako a Capileira yana biyan mai masauki, da mai abinci, da mai shagon dardumar tsumma da ake kira jarapa, da direban da ya kai shi gindin Mulhacén. Hanyar da ya fi so ya bi da safe, mai inuwa da ƙarar ruwa, sau da yawa gefen magudana ce. Mutumin da ya yashe magudanar a watan Maris, wanda galibi ya ba sittin baya, ba ya cikin jerin waɗanda aka biya. Ladansa wake ne da dankali da ba su da wani farashi a kasuwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba mugunta ba ce ta mai otal, wani lokacin ma ɗan manomin ne. Tsarin ne haka: gado da faranti suna da farashi, inuwa da marmaro ba su da shi. Kuma duk saurayin da ya ga yini guda na rarraba abinci ga baƙi ya fi masa yini guda na noma, ba za a zarge shi ba in ya ajiye fartanya. Ta wannan fuskar yawon buɗe ido, ko na sannu ne, yana janye hannun da ke kula da abin da baƙon ya zo gani.

Batun cin abin da aka noma a wurin ma yana da ramuka. Abin da Trevélez ya yi suna a kai shi ne cinyar alade da ake busarwa a iskar tsauni, kuma Musulmin da ya je sai ya yi tambaya kafin ya ci kusan komai, don abincin yankin cike yake da ita. Amma aladun ba a can ake kiwon mafi yawansu ba, kawo cinyoyin ake yi a mota daga wasu wurare. Iska kawai garin ke sayarwa. Dardumar da ke rataye a ƙofar kowane shago ma ba duka ake saƙawa a ƙauyen ba.

Sai kuma al'adun da aka ƙirƙira don baƙi. Maƙwabta sun daɗe suna yi wa mutanen Soportújar ba'a da sunan mayu. Da ƙauyen, mai mutum ƙasa da 300, ya ga yana mutuwa, sai hukumar garin ta rungumi ba'ar, ta cika lunguna da gumakan mayu da macizai da tukwanen tsafi. Yanzu ranar Lahadi da ƙyar ake samun wurin ajiye mota. Bérchules kuwa wuta ce ta ɗauke musu a daren sabuwar shekara a 1994, suka ɗage bikin zuwa Agusta, abin ya zama al'ada, dubban mutane ke zuwa duk shekara. Ban ga laifin garin da ya nemi abinci da dabara ba. Sai dai abin mamaki ne a ce Bérchules, mai magudanar da ta yi shekara dubu tana aiki, an fi saninsa da bikin da ɗaukewar wuta ta haifa. Kuma baƙin da irin wannan ke jawowa na awa biyu ne, su ɗauki hoto su sauka.

Babbar barazanar ma ba daga baƙi take ba, daga ofis take. Shekaru da dama manufar ruwa ta Sifaniya, da tallafin Tarayyar Turai, ita ce zamanantar da ban ruwa: a sa bututu a madadin magudanar ƙasa, a koma ban ruwa na ɗigo. A takardar injiniya, magudanar da rabin ruwanta ke tsiyaya a hanya asara ce. A fili mai laushi wataƙila haka ne. A Alpujarra wannan tsiyayar ita ce ke shayar da kastanya, ita ce ke cika marmaron da garin ƙasa ke sha. In ka sa bututu, ruwan ya isa gonar mutum ɗaya cif, sauran gangaren ya bushe. An kuma sha gani a wurare da yawa cewa ruwan da ɗigo ya rage ba ya komawa kogi, sabuwar gona ake buɗewa da shi.

Wanda ke son ganin ɗaya ƙarshen hanyar, ya tsaya a gabashin Alpujarra ya kalli teku. Farin da zai hango ba gishiri ba ne, leda ce. Lardin Almería na da rumfunan leda fiye da hekta 30,000, mafi yawa a kewayen El Ejido, suna fitar da tumatir da tattasai da kokwamba zuwa manyan kantunan Turai har tsakiyar hunturu. Da yawa daga iyalan da suka fara wannan noman daga ƙauyukan Alpujarra suka sauko, sun gaji da talaucin tudu, kuma sun yi arziki. Ruwansu daga rijiyoyin burtsatse yake, an zuƙe shi har hukuma ta daɗe da ayyana cewa ana ɗiba fiye da abin da ke komawa. Masu aikin cikin zafin ledar kuwa akasari 'yan ci-rani ne daga Maroko da Senegal da Mali da sauran ƙasashen Afirka, wasu ba takarda, suna kwana a bukkokin leda da katako. A Fabrairun 2000 an yi kwanaki ana far wa 'yan Maroko a El Ejido. Daga yamma kuma akwai gonakin fiya da mangwaro na Motril da Almuñécar, masu shan ruwa sosai, suna jiran ruwan madatsar Rules ta kogin Guadalfeo da aka gama a farkon shekarun 2000 amma aka yi kusan shekara ashirin ba a shimfiɗa bututun rarraba shi ba. Duk waɗannan idonsu na kan tsaunin guda. Farin 2022 zuwa 2024, wanda ya zaftare kusan rabin man zaitun ɗin Sifaniya a kaka ɗaya, ya ƙara wa rigimar zafi.

Akwai masu ƙoƙarin tare ɓarakar. A 2014 wani shiri na Jami'ar Granada mai suna MEMOLA, ƙarƙashin masanin kufai José María Martín Civantos, ya haɗa kai da masu ban ruwa na ƙauyen Cáñar suka farfaɗo da magudanar Barjas da ta yi shekaru a mace. Tsofaffin garin suka nuna inda ta bi, ɗalibai da 'yan sa kai suka riƙe shebur. Daga nan aikin ya bazu zuwa wasu garuruwa, kuma duk shekara ana kiran masu sha'awa su zo yasa. A ganina wannan ne wuri ɗaya da tafiyar sannu ta taɓa ainihin abin: baƙo ya kwana a gari, ya biya masauki, ya kuma yi yini cikin laka tare da masu gonar. Wasu hukumomin ƙauyuka sun fara ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin ban ruwa, suna ba su wani abu saboda ruwan famfon gari daga aikinsu yake fitowa. Wannan ya fi gayyar baƙi muhimmanci, domin ya amsa cewa bashi ne ake biya, ba taimako ake yi ba.

Kar a zuzuta abin fiye da kima. Baƙo raɓa ne. Ɗan sa kai zai yashe magudana ranar Asabar, amma ba shi zai tashi cikin dare a watan Mayu ba in ruwa ya ɓalle ya nufi gonar wani. Sanin inda za a fasa magudana a saki ruwa, da yawan da ƙasar wurin za ta iya sha ba tare da ta zabtare ba, yana kan mutane ƙalilan, kuma ba a koyonsa a mako guda. Ana bukatar wanda zai zauna a garin shekara da shekaru, kuma aikin ya ciyar da shi. Da ni ake shawara, da wani kaso na kuɗin kowane daren da baƙo ya kwana a Poqueira ya tafi kai tsaye asusun ƙungiyar ban ruwa, a ɗauki matasa biyu ko uku aikin kula da magudana da albashi, kamar yadda ake ɗaukar mai shara ko mai gadin gandun daji. Masu masauki za su yi ƙorafi, kamar yadda suke yi a duk inda aka kawo maganar harajin baƙi, kuma Andalusiya har yanzu ba ta da irin wannan harajin, saɓanin Kataloniya da tsibiran Balear.

Lokaci kuma ba ya gefen ƙauyukan, saboda wata ƙa'ida da ke cikin dokar ruwa ta Sifaniya: izinin amfani da ruwa yana iya faɗuwa in mai shi ya yi shekara uku a jere bai yi amfani da shi ba bisa sakacinsa. Ƙungiyar da mambobinta suka tsufa, ta kasa tara mutanen yasa, ba magudana kaɗai take shirin rasawa ba, har da haƙƙinta a kan rafin. Masu fiya da masu leda da ke ƙasa suna da lauyoyi da injiniyoyi, kuma takardun neman ƙarin ruwansu sun riga sun isa ofis.